Ramin da Kaka Ta Haƙa a Tsibirin Nilu

Jiya da hantsi na tsaya gaban wata mai kayan miya a kasuwar unguwarmu, na ɗauki damin ɗanyar albasa mai lawashi. Ba a wanke ta ba, saiwarta na ɗauke da baƙar laka da ba ta gama bushewa ba. Ina kai ta kusa da hanci sai na yi tsaye kamar an dasa ni, har matar ta tambaye ni ko lafiya. Na ce mata lafiya lau. Ƙamshin lakar kogi ne ya ɗauke ni ya mayar da ni shekarar da nake da tara a duniya, shekarar da Kaka ta zo Alƙahira.

A nan Masar aka haife ni. Babana ya zo karatu tun yana saurayi, ya gama ya zarce, ya je gida ya auro mahaifiyata ya dawo da ita. Muna zaune a hawa na biyar na wani tsohon bene a Hadayiƙ Ma'adi, dab da layin metro, inda duk bayan 'yan mintoci gilashin tagarmu yakan yi rawa idan jirgi ya wuce. Maƙwabtanmu 'yan Sudan ne da 'yan Habasha da Misirawa. Ni kuwa Hausa a ɗaki, Larabcin Masar a kan matakala da makaranta, har mahaifiyata takan ce bakina biyu kuma duk biyun ba sa hutawa.

Kaka mahaifiyar Baba ce. Mutuniyar gungu ce, wato tsibiri a tsakiyar kogin Kwara, can wajen Yawuri. A ruwa ta tashi, a ruwa ta yi aure, albasa da shinkafa ta noma duk rayuwarta. Ciwon yanar ido ne ya rufe mata ido biyu, Baba ya aika aka kawo ta don a yi mata aiki. Aikin ya yi kyau. Ranar da likita ya cire mata bandeji, ni ta fara gani. Ta ƙura mini ido ta daɗe, sannan ta ce, "Ke ɗiya, ashe haka kike da goshi?" Kowa ya fashe da dariya, har likitan da bai ji abin da ta ce ba.

Amma ido ya warke, zuciya ba ta sake ba. Kaka ta shiga zaman baranda, tana kallon bangon benen da ke gabanmu da igiyoyin shanyar mutane. Abinci sai ta tsakura ta ture. Hawa biyar ya zame mata kurkuku, ga ƙarar motoci, ga gurasa safe da yamma. Ran nan bayan sallar Juma'a ta dubi Baba. Ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne, Malam take ce masa.

"Malam, an ce a garin nan aka saka Annabi Musa cikin akwati aka jefa a kogi. To ina kogin?"

Kunya ta kama Baba. Wata biyu tana gidan, kogin bai fi tafiyar rabin awa da ƙafa ba, bai taɓa tunanin kai ta ba.

Da la'asar muka fita mu uku. Muna tsallaka babban titin bakin ruwa Kaka ta saki hannuna. Ga Nilu shimfiɗe, rana na wasa a bayansa. Amma ba ruwan ta tsaya kallo ba. Can tsakiya akwai wata doguwar ƙasa kore shar, da dabino, da ɓauna irin na gida suna kiwo, da hayaƙin murhu yana tashi a hankali, ga dogayen benaye sun kewaye ta gabas da yamma kamar an manta da ita a wurin. Kaka ta ɗaga yatsa ta ce, "Gungu!" Ba ta nemi shawarar kowa ba, ta gangara inda ta ga jirgin fito a ɗaure.

Tun daga ranar, Juma'a da Asabar ba a samunmu a gida. Baba yana da karatunsa, saboda haka ni aka haɗa ta da ita, ni ce bakinta, ni ce kunnenta. Tsibirin ba mota, ba kwalta. Gidaje suna kan tudu a cure, gonaki sun gangara har bakin ruwa. Mai fiton wani ƙaƙƙarfan mutum ne mai yawan raha. A tafiyarmu ta uku Kaka ta ce in gaya masa tuƙinsa na ba ta haushi, wai ya juya wa inda za shi baya yana ja da filafili biyu kamar mai tatsar saniya. Ya ce to Hajja ta gwada mana. Ta ɗaure zanenta tamau, ta zare filafili ɗaya, ta koma ƙarshen jirgi ta zauna. Kai, da ka ga yadda jirgin nan ya miƙe! Matan da ke ciki da tulunan madara suka ɗauki guɗa irin tasu. Kafin mu isa gaɓa labari ya riga mu, yara sun yi layi suna jiran baƙar tsohuwar da ta ƙwace jirgi.

Mahaifin mai fiton ne ya zama abokin Kaka. Ammu muke ce masa, wato baffa, wani dogon tsoho mai farin gashin baki, wanda jallabiyarsa kullum a naɗe take zuwa gwiwa. Albasa ce ta haɗa su. Ranar farko ta tsuguna a gonarsa ta damƙi ƙasa, ta murza, ta sansana, ta ɗan taɓa a harshe. Ta ce ƙasar ta yi, amma fangalinsa ya cika faɗi. Ya ce kakanninsa haka suka yi tun zamanin Fir'auna. Ta ce to Fir'auna ma ai ba a shiriye yake ba. Na yi ta jan ƙafa kafin in fassara wannan, da na fassara kuwa Ammu ya yi dariya har rawaninsa ya zame. Matarsa ta kawo shayi baƙi wuluk da gurasa mai mai da cuku mai gishiri. A ranar na ga Kaka ta cinye abin da aka sa mata tas.

Ammu yana da 'ya, malamar firamare a tsallaken kogi, kowa na kiranta Abla. Ita ce ta kafa wata doguwar sandar ƙarfe a bakin fito, ta shafa mata fenti ja da fari, ta rubuta lambobi daga ƙasa zuwa sama. Kowace safiya kafin ta shiga jirgi sai ta duƙa ta duba inda ruwa ya tsaya, ta rubuta a wani littafi mai baƙin bango, ta kuma tura a waya. Ta ce akwai irinta a wasu tsibirai can kudu, masunta da masu fito da 'yan makaranta, kowa na tura lambar wurinsa, su haɗa su ga yadda ruwa ke tafiya. Dalilinta shi ne kogin ya fara canza hali. Zafi ya ƙaru, ruwan sama a ƙasashen da kogin ya fito yakan yi yawa fiye da kima a wasu shekarun, sai ruwa ya hau gonaki a lokacin da ba a saba ba. Shekarar da ta wuce ma ya cinye wa mutane kabeji da masara.

Mutanen tsibirin ba su ɗauki abin da nauyi ba. Sandar Abla suke ce mata, wasu har igiyar jaki suke ɗaurawa a jiki. Ammu kansa yakan ce shi ba ya bukatar ƙarfe ya gaya masa ƙafarsa ta jiƙe. Kaka ma da farko taɓe baki ta yi. Ta ce su a gida da ido da hanci ake karatun kogi. Abla ta yi murmushi irin na ladabi, wanda yaro ke yi wa babba idan bai yarda da maganarsa ba.

A tsakiyar zafi, lokacin da damina ta yi nisa a gida, Kaka ta ƙirga watanni da yatsunta, ta ga kainuwa na gangarowa da yawa, ta ce farin ruwa ya kusa. Haka suke kiran cikar kogi ta damina a wurinsu. Ta sa na gaya wa Ammu ya janye dabbobinsa tudu, kwana goma ba za su cika ba. Don girmamawa ya janye. Kwana goma suka wuce, ashirin suka wuce, kogi ko gezau. Ɓauna suka gaji da cin busasshiyar ciyawa a ɗaure, mutane suka fara yi mana dariya a jirgi. Ni abin ya ƙona mini rai, har na ce ba zan ƙara zuwa ba.

Kaka kuwa zama ta yi gaban Abla ta ce a yi mata bayani. Abla ta ɗauki tsinke ta zana kogin a ƙasa, ta ja layi can kudu. Ta ce akwai wata ƙatuwar madatsa a nan, ita ke riƙe da ruwan, sai an buɗe ƙofofinta yake zuwa. Kaka ta daɗe tana kallon zanen.

"Mu tamu madatsar tana ƙasa da mu, ku taku tana bisa kanku," in ji ta. "Ashe kogin naku da makulli. To ni na yi ta gaida mai gida alhali yana kulle." Ta yi dariya har da tafa hannu. Sannan ta nuna bakin fito da haɓa. "Koya mini sandar nan."

Abin da ya fi komai daɗi a shekarar ke nan. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe fensir ba, da sabon idonta, tana tsugune gaban sandar ƙarfe tana koyon lambobin Larabawa. Biyar ta ce ƙwai ne. Bakwai ƙahon sa ne yana kallon sama, takwas kuma san ya kife. Sifili ta ce ƙwayar gero ce da ta faɗi. Cikin makonni kaɗan, da mun sauka jirgi ita ke fara duƙawa, ta faɗi lambar da ƙarfi da Larabcinta mai ɗanɗanon Yawuri, mai fito ya amsa mata da "Tamam, ya Hajja!" Abla ita ma ta fara barin fili a gefen kowane shafi, tana rubuta abin da Kaka ta lura da shi a ranar: launin ruwa, warin laka, inda kifi ke wasa. Ta ce ba ta san amfaninsa ba tukuna, amma rubutu ba ya cin abinci.

Zafi ya ja baya, iska ta fara sanyi da safe, lokacin yayyafa irin albasa ya yi. Bayan gidan Ammu akwai wani kwari mai faɗi, ƙasarsa ta fi ta ko'ina laushi. A nan gidaje da yawa suke rainon irinsu kafin dashe. Duk albasar da tsibirin zai ci ya sayar a shekarar tana cikin kwarin nan, siririya kamar gashin jariri. Kaka ma an ba ta fangali guda, ta yi shi matsattse yadda take so.

Irin yana da mako uku, ran wata Alhamis, Abla ta bugo wa Baba waya. Na dawo makaranta ke nan na tarar da Kaka ta yafa mayafi tana jirana a bakin ƙofa. An buɗe ƙofofin madatsa saboda ruwa ya yi yawa a can sama. Rediyo ya faɗa, amma rediyo ba ya sanin gonar wa ruwa zai shiga. Mutanen kudu sun turo lambobinsu tun jiya, kowace ta fi ta gabanta. Daga abin da ke cikin littafinta na shekarun baya, Abla ta gane cewa abin da wani tsibiri ya gani yau, su sukan gan shi bayan kwana uku. Ta ma ɗaura jan ƙyalle a jikin sanda, daidai inda take zaton ruwan zai tsaya.

Mun tarar da maza sun cika bakin ruwa, ana ta ɗura yashi a buhu ana jerawa. Wannan karon ba mai yi wa sanda dariya. Abla ta ce bisa lissafinta, in aka ɗaga gaɓar da buhu biyu biyu, ruwa ba zai tsallako ba. Kowa ya ji daɗi. Kaka ta duba jan ƙyallen, ta duba buhunan, sannan ta juya musu baya ta nufi cikin tsibiri, ina biye da ita.

A kwarin ta cire takalmi. Tana tafe a hankali, tana danna diddige, tana tsayawa. Ta nuna mini tururuwa a jikin bangon ɗakin ɓauna, sun yi layi suna hawa sama, kowace da farin ƙwai a baki. Ta nuna mini wata ciyawa mai son ruwa, irin kacalar gida, ba a warwatse ta fito ba, layi ta yi ta lanƙwasa daga kudancin tsibirin ta ratsa kwarin ta fita ta arewa. Ta ce in je in kira Ammu da 'yarsa, in ce ya zo da fartanya.

Da suka zo ba ta yi dogon bayani ba. Ta karɓi fartanyar ta haƙa rami a gefen fangalinta, ta zura hannu har gwiwar hannu. Da ta zaro, yatsunta na sheƙi.

"Gaya musu ruwan da suke jira ta ƙofa, ta ƙarƙashin gado zai fito. Nan hanyar kogi ce. Ya bar ta, amma bai manta da ita ba."

Abla ta ce lambobinta ba su nuna haka ba. Wani daga cikin mazan da suka biyo mu ya ce ai Hajja ta taɓa sa su ɗaure dabbobi a banza. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, amma na fassara mata. Kaka ta ce gaskiya ya faɗa, wancan karon lokaci ta ɓata, kuma yanzu ma ba ita ta san lokaci ba, mai sanda ce ta sani. Ita wuri kawai ta sani.

Ammu ya tsaya yana bin layin ciyawar da ido, daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Can ya zauna a kan kunyar gona ya dafe kai. Ya ce yana ƙarami, kafin a gina madatsa, mahaifinsa ya taɓa ɗauko shi a ƙaramin jirgi suka bi ta nan, daidai inda muke tsaye, har ya miƙa hannu ya tsinko dabino. Shekaru sun yi yawa wurin a bushe, har ya ɗauka mafarki ya yi.

Abla ta dubi mahaifinta, ta dubi ramin. Sai ta ruga gidan wani magini ta aro dogon tiyo mai haske, irin wanda suke cikawa da ruwa su daidaita gini. Ni na riƙe baki ɗaya, ita ɗaya, muka yi ta awo gaɓa gaɓa daga sandar bakin fito har cikin kwarin, tana rubutawa a tafin hannunta. Da ta gama haɗawa ta ɗago, fuskarta ta canza. Ƙasan kwarin ya fi jan ƙyallen nan zurfi da kusan kamu guda. Ta je ta durƙusa ta sumbaci kan Kaka a gaban kowa.

Saura abin yi. Iri mai mako uku bai isa cira ba, in ka tuge shi ya mutu. Ammu ya ce in ya taɓa shi ruwa bai zo ba, shi ya kashe abincin mutane da hannunsa. Kaka ta ce ba tugewa za a yi ba. A gida, in ruwa ya matso, yanka fangalin suke yi da ƙasarsa gunduwa gunduwa, kamar ana yanka alala, a zura katako a ƙasa a ɗauke shi ɗungurungum. Ammu ya ce a bari zuwa safe. Ta soka tsinke a jikin ramin daidai inda danshin ya tsaya, muka tafi.

Washegari Juma'a, jirgin farko muka shiga, har da Baba. Mun tarar da Ammu tsugune a bakin ramin. Tsinken ya nutse, ruwa kwance a ciki yana kallon sama. A bakin fito kuma kogi ya hau da yatsa huɗu, daidai yadda Abla ta ce. Ammu ya miƙe ya kakkaɓe jallabiya ya ce, "Khalas. Yalla," wato magana ta ƙare, a fara aiki.

Hannu ne bai isa ba, don rabin maza suna kan buhunan yashi. Baba ya zaro waya ya kira ɗaliban gida da ke zaune a unguwar Hayyus Sabi'. Ana sakkowa daga masallaci sai ga su jirgi biyu, da fararen jallabiyoyi da turare. Ka san yawancinsu 'ya'yan manoma ne, sun shekara uku huɗu ba su taka gona ba. Suna ganin laka suka tuɓe takalma kamar yara sun ga ruwan farko. Kaka ta tsaya a tsakiyar kwarin da wuƙar yanka ciyawa tana nuna kaurin da za a yanka. Aka ciro ƙyauren ɗaki, aka kawo farantan gasa gurasa, aka kawo tabarmi. Layi ya miƙe daga kwari zuwa tudu har saman soraye, Bamisire na miƙa wa Bahaushe, Bahaushe na miƙa wa Bamisiriya, mata na rufa wa irin ganyen dabino don rana. Ni muryata har ta dushe, don ta ko'ina kirana ake in fassara.

Ban taɓa ganin babana haka ba. Mutumin da ko ƙura ba ya bari ta hau masa hula, ga shi da katako a ka, laka na zuba masa a gemu. Santsi ya kwashe shi ya zauna daɓas, amma bai bar irin ya faɗi ba. Kaka ta dube shi ta ce, "Yauwa, yanzu na gane ka." Ɗaliban suka juya baya suna dariya a ɓoye. Da yamma mahaifiyata ta iso da babbar tukunyar dafa-duka mai daddawa da yaji. Misirawa suka ci suna tari suna hawaye suna miƙo kwano a ƙara.

Ruwan ya zo ran Asabar da la'asar, muna kan ɗaukar na ƙarshe. Ba ƙara, ba igiyar ruwa. Buhunan bakin gaɓa sun riƙe, ko ɗigo bai tsallako ba. A cikin kwarin ne ƙasa ta fara yin baƙi, sawun ƙafafunmu suka cika ɗaya bayan ɗaya, suka haɗe, kafin rana ta yi ja wurin ya zama tafki, ya lanƙwasa daidai yadda ciyawar nan ta lanƙwasa. Muka tsaya a tudu muna kallo. Ba duka aka tsira da shi ba. Fangalan can ƙarshe ba mu kai gare su ba, masarar wani maƙwabci ta tafi, cikin wanda aka ɗauke ma wasu sun bushe a soro. Amma mafi yawa ya rayu, ya isa dashe, ya isa a raba wa waɗanda suka rasa. Mai fito ya jawo ƙaramin jirgi ya sa a sabon tafkin, ya ɗauki Ammu. Tsohon ya zauna a gaba, ya miƙa hannu sama wajen dabino, yana dariya hawaye na bin gashin bakinsa.

Bayan wannan, Abla ta bi tsofaffin tsibirin gida gida da littafinta, tana tambayarsu inda ruwa yake bi a da, da abin da iyayensu ke dubawa. Ta zana taswira, ta tura wa mutanen kudu ta ce su ma su tambayi nasu tsofaffin tun suna raye. Kaka ta zauna har aka cire albasa, sannan ta ce gungunta na kiranta. Ammu ya ƙulle mata iri a ƙyalle. Abla ta ba ta gwangwanin jan fenti da burushi, Baba ya yi ta fama da ma'aikatan filin jirgi a kansa, ƙarshe dai a nan aka bar shi, ta ce ma'alish, ba komai, akwai fenti a Yawuri.

Yau shekaru sun ja. Ammu ya rasu, Allah ya jiƙansa. Benaye sun ƙaru a gaɓa biyu, zafin garin nan ya kai inda tsofaffi ke cewa ba su san irinsa ba, kogin kuma sai ƙara rikicewa yake. Abla ta yi furfura, yaran da ta koyar su ke duba sanda yanzu, kuma ba a yayyafa iri a kwarin nan sai an tambayi lamba an kuma haƙa rami. Ni na girma, na yi aure, ina aikin fassara, ina hawa metro ina sauka kamar kowa. Sau da yawa sai in yi wata ban ga kogin ba.

Kaka tana nan da ranta, ta tsufa tukuf, ba ta iya tuƙi. A can gungu ta sa an kafa azarar giginya a mashaya an shafa mata ja da fari, jikokinta mata ke dubawa suna tura wa ƙauyukan da ke ƙasa da su, don su ma ruwan ya daina zuwa a kan ƙa'ida. Makon jiya aka haɗa ni da ita a waya. Bayan gaisuwa ta gaya mini inda nasu ya tsaya da safe, sannan ta ce, "Naku fa, nawa yau?"

Na ce ban duba ba, Kaka, aiki ya yi mini yawa.

Ta ce, "Ke ɗiya, kina zaune bakin kogi ba ki san inda ya kwana ba? To mi kike yi a garin?"

Na ce ta ba ni awa ɗaya. Na kashe murhu, na goya 'yata, na sauka na nufi bakin kogi.